Yadda Ake Bin Diddigin Hawan Jinin da Ake Zargin Danne Tushen Ƙwaƙwalwa Ne Ya Jawo Shi

Daga cikin kowane mutum 10 masu hawan jini, kusan 9 babu wani dalili guda da likita zai ɗora yatsa a kansa ya ce ga abin da ya jawo cutar. Gado da shekaru da ƙiba da yawan gishiri da rashin motsa jiki su ne ke haɗuwa su tura jinin sama. Wannan ne ya sa duk lokacin da aka ji labarin wani dalili da ake iya gani a hoto, kuma ake iya gyara shi da tiyata, sai hankalin masu fama da cutar ya karkata can, musamman waɗanda suka gaji da haɗiyar ƙwayoyi kullum ba tare da awonsu ya sauka ba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan dalilai shi ne jijiyar jini da ke lanƙwasa a cikin ƙoƙon kai ta jingina da tushen ƙwaƙwalwa, tana dukan wurin da kowane bugun zuciya. Maganar tana da tushe a ilimin likitanci, amma tana buƙatar a bi ta daki-daki, domin wanda ya fara daga hoton ƙwaƙwalwa kafin ya kammala binciken da ya fi sauƙi yana iya kai kansa ga tiyata mai haɗari alhali matsalarsa tana wani wuri dabam.

Abin da ke faruwa a cikin kai

A ƙasan ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da laka, akwai wani sashe da ake kira medula. A gefen gaba na wannan sashe akwai tarin ƙwayoyin halitta da ke aika umarni ta cikin laka zuwa zuciya da ƙoda da bangon jijiyoyin jini. Idan umarninsu ya ƙaru, ƙananan jijiyoyin jini sukan tsuke, zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi, ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, sai jini ya hau. Ba da ka suke aiki ba. A cikin manyan jijiyoyin jini na wuya da kuma babbar jijiyar da ke fita daga zuciya akwai wasu na'urori na halitta masu jin yadda bangon jijiya ke buɗewa, kuma su ne ke kai rahoto ga medula ta hanyar jijiyoyin saƙo na 9 da na 10 daga cikin 12 da ke fita daga ƙwaƙwalwa. Da zarar rahoto ya nuna jini ya hau, medula takan rage umarninta, idan kuma ya faɗi, kamar lokacin da mutum ya miƙe tsaye farat ɗaya, sai ta ƙara.

Abin lura shi ne waɗannan jijiyoyin saƙo biyu suna shiga medula ne daidai kusa da wancan tarin ƙwayoyin, kuma a wannan ɗan matsatsin wuri ne manyan jijiyoyin jini na bayan kai suke wucewa, wato wadda ke hawowa ta cikin ƙasusuwan wuya da reshenta da ke kai jini ga ƙasan ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya. Yayin da mutum ke manyanta, jijiyoyin jini sukan ƙara tsawo, su yi tauri, su karkace. Idan wani lanƙwaso ya zauna a kan wannan wuri, to zai riƙa dukansa kusan sau 100,000 a kowace rana, gwargwadon bugun zuciya. Masu wannan ra'ayi suna ganin dukan ne ke harzuƙa ƙwayoyin, su riƙa aika umarnin tsuke jijiyoyi ba ƙaƙƙautawa.

Cewa jijiyar jini tana iya cutar da jijiyar saƙo ta wannan hanya ba abin jayayya ba ne a wasu cututtuka uku. Jijiyar saƙo tana da wata riga mai kare ta, kamar robar da ke rufe wayar lantarki, kuma inda rigar ta goge saboda dukan da ba ya tsayawa, saƙo yakan tsallaka daga wannan zare zuwa wancan. Idan abin ya faru da jijiya ta 5, sai mutum ya riƙa jin wani zafi mai kama da jan lantarki a ɓari ɗaya na fuska. Idan ta 7 ce, sai tsokar ɓarin fuska ta riƙa fizga da kanta. Idan ta 9 ce, zafin yakan soki maƙogwaro da gindin harshe har cikin kunne.

Wani likitan fiɗar ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Peter Jannetta, wanda ya yi yawancin aikinsa a Pittsburgh, shi ne ya yaɗa tiyatar raba jijiyar jini da jijiyar saƙo tun daga ƙarshen shekarun 1960. A cikin wannan aiki ne ya lura da cewa majinyatansa masu hawan jini sukan kasance da jijiyar jini a kan gefen hagu na medula. A 1985 shi da abokan aikinsa suka wallafa bayanin mutum 53 masu hawan jini waɗanda aka yi wa tiyata saboda ciwon wata jijiyar saƙo. An ga dannewar a mutum 51, an ɗage jijiyar a 42, kuma jinin 32 daga cikinsu ya daidaita. Sun kuma gwada abin a jikin birai ta hanyar sanya wani ɗan ƙaramin balan-balan mai bugawa a wurin, jinin dabbobin ya hau. A 1998 wasu likitoci a Erlangen ta ƙasar Jamus suka ba da rahoton mutum 8 masu matsanancin hawan jini da aka yi wa tiyatar, kuma yawancinsu sun samu sauƙi a watannin farko.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba, kuma sauran nasa ne ya fi muhimmanci ga majinyaci. Da aka ci gaba da bibiyar waɗanda aka yi wa aikin a Jamus, an ga cewa a wurin da yawa daga cikinsu jinin ya sake hawa bayan wani lokaci, kuma sun ci gaba da buƙatar magani. Da aka fara ɗaukar hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, na masu hawan jini ana kwatantawa da na masu lafiya, wasu binciken sun ga dannewar ta fi yawa a masu cutar, wasu kuwa sun same ta kusan daidai a ɓangarorin biyu, musamman idan masu karanta hoton ba su san wane ne mai hawan jini ba. Akwai kuma tambayar da hoto ba ya iya amsawa: hawan jini na shekaru da kansa yana tsawaita jijiyoyi ya karkatar da su, saboda haka lanƙwason da aka gani yana iya zama ɗan cutar, ba uwarta ba. Wannan ne ya sa manyan jagororin kula da hawan jini ba su sanya wannan tiyata cikin hanyoyin magani na yau da kullum ba.

Mataki na farko: a tabbatar jinin ya hau da gaske

Babu amfanin neman dalili mai wuyar samu ga cutar da ba a tabbatar da girmanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar awon 140 bisa 90 ko sama da haka, a ranaku biyu mabambanta, a matsayin hawan jini, amma akwai mutane da yawa da jininsu ke hawa a gaban likita kawai saboda fargaba. Don haka ka samu ma'aunin da ake ɗaurawa a damtse, ba na wuyan hannu ba, wanda maɗaurinsa ya dace da kaurin hannunka, domin ƙaramin maɗauri a babban damtse yana ba da awon da ya fi na gaskiya. Kafin awo ka guji sigari da kofi da motsa jiki na minti 30, ka yi fitsari, ka zauna shiru na minti 5 da bayanka a jingine, tafin ƙafafunka a ƙasa ba tare da harɗe su ba, hannunka kuma a kan tebur daidai da tsayin zuciya. Ka auna sau biyu da safe kafin shan magani, sau biyu da yamma, da tazarar minti 1 ko 2 a tsakani, har tsawon kwana 7. A watsar da awon ranar farko, a fitar da matsakaicin sauran. A gida, 135 bisa 85 ne iyakar da aka saba amfani da ita. Ka rubuta bugun zuciyarka tare da kowane awo, domin zai yi amfani a gaba. Inda ake da na'urar da ake ɗaura wa mutum ta yini da kwana tana auna shi, ita ce ta fi, saboda tana nuna ko jinin yana sauka a cikin barci kamar yadda ya kamata.

Mataki na biyu: a duba maganin da kuma abubuwan da ke karya shi

Likitoci suna cewa hawan jini ya yi taurin kai ne idan ya ƙi sauka alhali mutum yana shan magunguna iri 3 mabambanta a cikakken adadin da jikinsa zai ɗauka, ɗaya daga cikinsu kuma mai sa fitsari ne. A nan ana buƙatar gaskiya tsakanin majinyaci da likitansa. Kaso mai yawa na waɗanda ake zaton jininsu ya gagari magani, tsallake shan maganin suke yi, ko don mantuwa, ko don wata illa da suke jin nauyin faɗa, kamar yawan fitsari ko raunin gaba. Faɗin wannan ba abin kunya ba ne, kuma sau da yawa canjin magani kaɗai ke warware matsalar.

Bayan haka ka tattara duk abin da kake sha, har da wanda ba likita ne ya rubuta ba, ka kai masa ya gani da idonsa. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak suna ɗaga jini kuma suna rage ƙarfin maganinsa. Haka ma ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadarin estirojen, da magungunan sitiroyid, da wasu magungunan toshewar hanci, da barasa. Gishiri kuma a riƙe shi ƙasa da giram 5 a rana, wato bai kai cikin ƙaramin cokali ɗaya ba, a lissafa har da wanda ke ɓoye a cikin abincin da aka sarrafa.

Mataki na uku: a nemi dalilan da suka fi yawa

Kafin a kai ga ƙwaƙwalwa akwai wuraren da suka fi cancanta a fara dubawa, kuma gwajinsu ya fi sauƙi. Gwajin jini da na fitsari za su nuna lafiyar ƙoda. Auna sinadaran aldosteron da renin zai nuna ko ƙullutun da ke saman ƙoda yana fitar da sinadarin riƙe gishiri fiye da kima, kuma wannan yana cikin dalilan da aka fi samu a masu hawan jini mai taurin kai, ko da sinadarin fotashiyam na jininsu bai yi ƙasa ba. Mai minshari mai ƙarfi, wanda numfashinsa ke ɗaukewa a barci, yana tashi da ciwon kai yana gyangyaɗi da rana, yana buƙatar gwajin barci. Wanda jininsa ke tashi kwatsam tare da ciwon kai da gumi da bugun zuciya, a auna masa sinadaran da ke nuna ƙarin da ke fitar da adirenalin. Sai kuma tsukewar jijiyar da ke kai wa ƙoda jini da matsalar maƙoƙo. Idan duk waɗannan sun fita lafiya, likita yakan ƙara magani na huɗu, galibi sifironolakton, wanda wani babban gwaji da aka wallafa a Birtaniya a 2015 ya nuna ya fi abokan gwajinsa saukar da irin wannan jini.

Mataki na huɗu: alamun da ke sa a waiwayi tushen ƙwaƙwalwa

Dannewar medula ba ta da wata alama tata ta kanta da mutum zai ji. Abin da ke jan hankalin likita shi ne idan hawan jinin ya zo tare da ɗaya daga cikin cututtukan nan uku da aka ambata, don haka yana da kyau ka iya bayyana su daidai. Ciwon jijiya ta 5 ba ya kama da ciwon kai na yau da kullum. Mutum yana cikin goge haƙori, ko wanke fuska, ko tauna, ko iska mai sanyi ta taɓa kuncinsa, sai wani zafi ya tsarga daga gefen hanci ko dasashi zuwa muƙamuƙi, ya daskarar da shi a inda yake na 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci har minti 2, sannan ya ɗauke kamar ba a yi ba. Da yawa sukan kai ga cire haƙoran da lafiyarsu ƙalau kafin a gane ainihin ciwon. Fizgar ɓarin fuska kuwa takan fara ne daga fatar ido ta ƙasa, a hankali cikin watanni ko shekaru ta sauko kunci da gefen baki, har ido ya riƙa rufewa da kansa, kuma ba ta dainawa ko a cikin barci. Wannan dabam take da ɗan rawar ido na gajiya da ke wucewa cikin kwanaki. Ciwon jijiya ta 9 haɗiya ko tari ko hamma ke tayar da shi, kuma a wasu mutane yakan zo da raguwar bugun zuciya har su suma.

Alama ta biyu ba ta kai wannan ƙarfi ba, amma ana la'akari da ita: jini mai hawa da sauka sosai, da bugun zuciya mai sauri ko a lokacin hutu, da kuma jinin da bai ji sauran magunguna ba amma ya sauka da maganin da ke rage umarnin ƙwaƙwalwa, irin su kulonidin ko moksonidin. Wannan yana nuna cewa jijiyoyin saƙo suna da hannu, amma ba ya tabbatar da cewa dannewa ce sanadi, domin ƙiba da ɗaukewar numfashi a barci da ciwon ƙoda duk suna harzuƙa wannan tsari. Wanda ke shan kulonidin kada ya kuskura ya daina shi rana ɗaya, saboda jinin yana iya yin mummunan tashi.

Akwai wani tarko da ya kamata mai ciwon fuska da hawan jini ya sani. Karbamazefin, wanda shi ne maganin farko na ciwon jijiya ta 5, yana sa hanta ta gaggauta narkar da wasu magungunan hawan jini, irin su amlodifin da nifedifin, sai ƙarfinsu ya ragu. Yana kuma iya rage sinadarin sodiyam a jini, musamman idan an haɗa shi da maganin sa fitsari. Ke nan mutum yana iya ganin jininsa ya hau bayan fara ciwon fuska, ya ɗauka jijiya ɗaya ce ta haddasa duka biyun, alhali magungunan ne suka yi karo, ga kuma zafin ciwon da shi ma yake ɗaga jini. Lallai likitan jijiyoyi da likitan hawan jini kowanne ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta.

Mataki na biyar: hoto da yadda ake karanta shi

Idan likita ya ga dalili, hoton da ake buƙata shi ne MRI mai yanka siriri wanda aka saita musamman a kan tushen ƙwaƙwalwa, tare da hoton jijiyoyin jini, domin hoton kai na gama-gari yana iya tsallake wurin. Ba ya amfani da tururin eksire, amma dole ne a sanar da ma'aikata idan akwai na'urar daidaita bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki. Idan sakamako ya fito, ka nemi a yi maka bayanin abubuwa kaɗan. Jijiyar jinin taɓa wurin kawai ta yi, ko ta lotsa shi har ya sauya siffa? A wane ɓari take, kuma ya yi daidai da ɓarin da ciwon fuskar yake? Mai bugawa ce, wato mai fitowa daga zuciya, ko mai mayar da jini ce? An tabbatar babu ƙari ko wata cutar da ke cin rigar jijiyoyi? Taɓawa kawai abu ne da ake gani a hotunan mutane masu yawa da ba su da ciwon komai, don haka rahoton da ya ce an ga jijiya ta jingina da medula bai isa ya tayar da hankali ba, balle ya zama hujjar fiɗa.

Idan aka zo maganar tiyata

Aikin ana yin sa ne bayan an sa mutum barci. Likita yakan huda ɗan ƙaramin rami a ƙashin bayan kunne, ya bi ta gefen ƙaramar ƙwaƙwalwa da madubin ƙara girma, ya ɗage jijiyar jinin, ya cusa wani ɗan kushin na Teflon, wato wani nau'in roba, tsakaninta da abin da take dannewa. Ga ciwon jijiya ta 5 da fizgar fuska, aiki ne da ya tabbata yana warkar da mafi yawan waɗanda aka zaɓa da kyau. Amma wurin cike yake da jijiyoyi masu muhimmanci, kuma illolin da aka sani sun haɗa da rasa ji a kunne ɗaya, da raunin fuska, da dashewar murya ko wahalar haɗiya, da yoyon ruwan ƙwaƙwalwa, da kamuwa da ƙwayoyin cuta, da shanyewar ɓarin jiki, har da mutuwa a wasu lokuta ƙalilan.

A ganina hukuncin da ya fi dacewa da abin da aka sani a yau shi ne wannan. Wanda ciwon fuskarsa ya gagari magani, ko fizgar fuskarsa ta ƙi jin allurar botulinum, wadda ke sassauta tsokar da ke fizga, kuma hoto ya nuna dannewa a fili, ya yanke shawarar tiyata bisa wannan ciwon, idan jininsa ya sauka daga baya to ƙarin alheri ne. Wanda kuwa hawan jini kaɗai yake da shi, bai kamata ya amince a buɗe masa kai ba sai a cikin tsararren bincike na wata cibiyar ƙwararru, bayan likitocin ƙoda da zuciya da jijiyoyi sun duba shi tare. Ya tambayi likitan fiɗar sau nawa ya yi irin wannan aiki, da abin da ya faru da jinin majinyatansa bayan shekara 2 ko fiye, ba bayan wata 3 ba, kuma ya nemi ra'ayin likita na biyu wanda ba shi zai yi aikin ba.

Bayan tiyata, ko da awo ya yi kyau a makonnin farko, ba a ajiye magani sai da umarnin likita, wanda zai riƙa ragewa sannu a hankali yana duba littafin awon gida, kuma awon zai ci gaba har abada tunda an ga jinin yana iya dawowa. A kowane mataki na wannan bincike, idan awo ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, ko ƙarancin numfashi, ko dishi-dishin gani, ko ruɗewa, ko karkacewar baki, ko raunin hannu ko ƙafa, ko sarƙewar magana, a tafi sashen gaggawa na asibiti nan take, kada a tsaya jiran ranar ganin likita ko sakamakon hoto.